Kantar Ƙasa

Duk wanda ka tambaya a dogon benen nan da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Ruse, abu ɗaya zai gaya maka game da Ginka. Penka ta hawa na huɗu takan ce tun ranar da Minko, mijin Ginka, ya kwanta ba ta ji matar nan ta ɗaga murya ba, alhali benen nasu ko cokali ne ya faɗi a sama sai na ƙasa ya san na shayi ne ko na miya. Mai kantin magani tana cewa ba wanda ke kawo mata takardar likita a miƙe, ba lanƙwasa ba maiƙo, sai Ginka. Matar da ke sharar matakala kuwa har ta taɓa cewa da ana rataya hoton mutum a coci tun yana da rai, da ita da kanta za ta kai na Ginka. Stamen ne kaɗai ke ƙara wani abu. Shi ne kum ɗinsu, wanda ya tsaya musu ranar aure shekara arba'in da uku da suka wuce, don haka yana da bakin faɗa. Cewa yake mace ce ta gari ba musu, amma shekara talatin da ta yi a masana'antar tumatirin gwangwani sun mayar da kunnenta gwangwani, ko mala'iku ne suka sauko suna waƙa sai ta tambaye su ko sun ci abinci.

Ginka tana jin duk waɗannan maganganu. Ta Stamen ce ma ta fi yi mata sauƙin ɗauka.

A watan Satumba hawan jini ya kayar da Minko a gaban madubin banɗaki. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi, sai 'yan kalmomi da bai fi a ƙirga da yatsu ba, su ma sai ya yi ta lalube kafin ya kamo ɗaya. Kwana tara bayan an dawo da shi daga asibiti lif ɗin benen ya tsaya tsakanin hawa na biyu da na uku, kuma yana nan tsaye. Sau uku mutanen bene suna taro a kansa, ana watsewa da zage-zage. Daga nan duniyar Minko ta koma ɗaki ɗaya a hawa na biyar, da taga ɗaya mai kallon layin dogo. Duniyar Ginka ta fi tasa da awa ɗaya tak, wadda Penka ke hawowa da saƙarta ta zauna kusa da shi, ita kuma ta sauka ta sayo burodi da kindirmo da magani. 'Yarsu Desi tana can Sifen tana jinyar tsofaffin wasu, takan kira ranar Asabar.

Akwai abin da Ginka ta yi lokacin da yake asibiti, wanda ba Penka ba Desi ba wanda ya sani. An ce mata za a kawo gado mai ƙarfe a gefe da keken guragu, sai ta buɗe wuri a falo. Bangon falon kuwa kantocin fayafayan Minko ne, hawa huɗu. Ya yi aikin lantarki a jiragen dakon kaya na kogin Danube har ya yi ritaya, kuma tun kafin ya san ta yake tara su. Ta duba kantoci uku na sama, ta ga kwalaye masu kyau da rubutun ƙasashen waje, ta bar su. Ta durƙusa ta duba kantar ƙasa: kwalaye ne masu launin toka, sun ci ƙura, ƙungiyar mawaƙan masana'antar siminti, makaɗan barikin soja, jawabin ranar ma'aikata, waƙoƙin girbin alkama na zamanin da gwamnati ke gaya wa mutum abin da zai rera. Talatin cif ta kwashe. Ta ɗaure su da igiya, ta saukar da su a lif, lokacin yana aiki, ta miƙa wa wani ɗan gwangwan mai keken doki da ke zagaya unguwa yana karɓar tsofaffin takardu. Ta jera kwalaben miyar tattasai a kantar da ta zama fanko, ta jawo akwatin barguna ta tare gabanta.

Da a ce wuri kawai take nema, da abin ya zo da sauƙi. Amma ta san da ta ga keken dokin ya sha kwana sai da ta ji wani sanyi a ƙirji. Shekara arba'in, kowace Lahadi da yamma, Minko da Stamen da abokansu sukan shige falon nan su rufe ƙofa. Ita tana kicin tana yanka musu cuku da tsiren alade, ta ƙwanƙwasa, a buɗe kaɗan, hannu ya fito ya karɓi faranti, a mayar da ƙofa. Ba wanda ya taɓa ce mata kada ta shiga. Ba kuma wanda ya taɓa ce mata ta shigo.

A farkon Disamba Minko ya fara nuna kantocin fayafayan da hannun hagu. Ta kawo masa ruwa, ya ƙi. Ta kawo hoton Desi, ya ƙi. Sai da ta ɗauko wani littafi mai baƙin bango da ke saman garmaho sannan ya lumshe ido. A ciki ya jera fayafayansa da lamba, ɗaya zuwa ɗari da goma sha takwas, yadda suke jere a kanta tun daga sama. Gaban kowace lamba akwai suna, sai fili da ya bari, wataƙila da niyyar wata rana ya rubuta wani abu. Ya ɗora yatsa a kan lamba ta ɗaya.

«Ɗaya,» ya ce.

Haka al'adar ta kafu. Daga ƙarfe biyu zuwa huɗu ba a motsi a benen, tsofaffi na barci, ko kujera ka ja sai an buga maka bututun ɗumama ɗaki da cokali. Huɗu na bugawa sai Ginka ta zaro faifan ranar, ta riƙe shi ta gefe kamar yadda ya nuna mata da ido, ta goge shi da ƙyallen karammiski, ta saukar da allura. Ranar farko da ta sa sai ta nufi kicin, ya buga ƙarfen gado da zoben hannunsa. Ta dawo ta zauna. Da faifan ya ƙare ya tura mata littafin, ya dunguri filin nan da ba rubutu. Ta ce masa ita da ta tsaya a aji bakwai me za ta rubuta. Ya ci gaba da dungurin wurin har ta ɗauki biro.

Faifan na Italiyawa ne, irin wasan da ake yi da waƙa. Ta rubuta: «Wata mata tana mutuwa tun daga gefen farko har ƙarshen na biyu, kuma numfashinta bai ƙare ba.» Ta karanta masa. Ɓarin bakinsa mai rai ya motsa, ta ji wani sauti da ta yi wata uku ba ta ji ba.

Da haka suka yi ta tafiya, faifai ɗaya a rana. Na bakwai baƙaƙen Amurka ne su biyar da ƙahoninsu da piyano, ta rubuta cewa kamar maza ne a teburin mashaya, kowa na magana ba mai sauraron wani, amma abin mamaki tare suke tashi. Na goma sha biyu wasu samarin Ingila ne masu gashi har kafaɗa, ta ce ƙarar injin rufe gwangwani ce idan bel ya kusa tsinkewa. Minko ya sa ta sake sa shi washegari, sai ta ƙara a ƙasa da ƙananan haruffa cewa yaron da ke waƙar tsoro yake ji, ihun don kada a gane ne. Akwai wani Bajamushe mai kiɗan coci shi kaɗai, wanda ta ce kamar mutum ne ke hawa matakalar benen nan bai tsallake ko ɗaya ba, kuma bai yi haki ba. Akwai waƙoƙin Girkawa na bakin tashar jirgin ruwa, waɗannan ta san irinsu daga gidan biki, ta kama kanta tana kaɗa ƙafa. Akwai wasu daga tsibiran can nesa da kiɗansu ke faɗuwa inda ƙafa ba ta zata ba, kwana biyu ta yi tana tuntuɓe da shi kafin ta gano inda ake takawa. Wani faifan ba ta rubuta komai ba sai «Wannan ban ji komai ba, kai ma na ga ka yi barci.»

Na ashirin da shida wata mata ce daga duwatsun kudu, ita da gaida ɗaya, algaita mai jakar fata, tana busa a bayanta. Ginka ba ta iya rubutu ba ranar. Haka mahaifiyarta ke yi idan tana shanya ganyen taba, ta ja kalma ɗaya har sai ta ƙetare kwari. Ta zauna da biro a hannu har allura ta kai ƙarshe tana ƙaf-ƙaf. Minko bai dunguri littafin ba.

Kantar ƙasa tana zuwa mata a rai jefi-jefi, amma takan ce wa kanta in sun kai can za ta gaya masa, wa zai yi kukan mawaƙan siminti.

Wata Lahadi a tsakiyar Janairu Stamen ya hawo. Shekarunsa saba'in da shida, yakan huta a kowane hawa, ya iso yana tsine wa lif da wanda ya ƙera shi. Ya zube a kujera, ya dubi Minko.

«Tsohon ɓarawon jirgi, kana nan kwance ana yi maka hidima? Ni ma da na san haka abin yake da tuni na faɗi a banɗaki.» Ya juyo wajen Ginka. «Ginche, ance kin zama malamar kiɗa. Kawo littafin nan in ga abin da gwangwani ya ji.»

Ta ce ya sha giyarsa ta rakiya ya bar mata littafinta. Da huɗu ta yi ta je zaro na arba'in da uku, sai wani kwali ya biyo shi, ya maƙale a bayansa. Launin toka ne, da hoton masu haƙar kwal riƙe da ƙahonin tagulla. Ɗan'uwan waɗanda ta zubar ne, ya ɓata hanya ya hau sama. Za ta mayar da shi, Minko ya buga ƙarfen gado.

«Wannan.»

Ta sa shi, tana jiran ƙahoni su fashe mata kunne. Sai piyano ya shigo a hankali, kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Sannan muryar wata mata, mai kauri, a ɗan dishe, da wani harshe da Ginka ba ta ji. Ba ta roƙo, ba ta kuka. Faɗa kawai take yi, kamar wadda ta gama wanke-wanke ta zauna a bakin gado tana gaya wa bango abin da aka yi mata. Ginka ta dubi kwalin, ta dubi faifan da ke juyawa, ta sake duban kwalin.

Stamen ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe shekara arba'in tana kai musu cuku ba ta san abin da ake yi a falonta ba. A wancan zamanin, in ji shi, in aka samu irin wannan faifan a jakar ma'aikacin jirgi to ya yi sallama da fita waje, wani ma har da aikinsa. Sai Minko ya gano dabara. Yakan sayi fayafayan gwamnati mafi muni a kanti, ya tafi da su jirgi wai don nishaɗin ma'aikata. A can sama, a tashoshin ƙasashen yamma, sai ya jefa na cikin a kogi, ya zura na gaske a kwalin. Ba jami'in kwastan da zai zaro mawaƙan siminti don ya duba. Na kantocin sama, in ji Stamen, yawancinsu bayan an sake mutane aka saye su a kasuwa, kowa ma yana da su. Amma na ƙasa, kowanne sai da aka sa wuya aka kawo shi. Bayan komai ya canza ya ce wa Minko ya cire musu rigunan ƙaryar nan, Minko ya ce a cikinsu suka ƙetare ruwa, a cikinsu za su zauna.

«Jira ki kai tamanin da takwas,» ya ce yana nuna akwatin barguna da ƙoƙon rakiya. «Nan ne aljannar take. Duk wanda kika ji zuwa yanzu share fage ne. Ranar ku kira ni, ko da rarrafe zan hawo.»

Ginka ta ce za ta duba tukunya. A kicin ba tukunya a wuta. Ta tsaya riƙe da bakin wurin wanke-wanke, muryar matar tana biyo ta ta ƙofar da yanzu ba a rufewa.

Washegari a awarta ɗaya ta hau bas zuwa filin da 'yan gwangwan ke kai kaya a bayan gari. Mai gadin ya saurare ta har ƙarshe, ya ce kayan Satumba ko takardarsu an riga an niƙa. Ta dawo ta makara da minti ashirin, Penka ta tare ta da cewa har ta fara tunanin ko ta samu saurayi. Wani satin ta je wurin wani mai tebur a kasuwar tsofaffin kaya, wanda ke sayar da fayafayai a akwatunan ayaba. Ya tambaye ta wanne take nema. Nan ta tsaya. A littafin Minko ma sunayen ƙaryar ne a rubuce, mawaƙan siminti, makaɗan bariki, sai ɗan jan ɗigo a gefen kowanne, wanda a da ta ɗauka tawada ce ta zuba. Ba ta san sunan ko ɗaya ba. Mutum biyu ne a duniya suka san abin da ke cikin kwalayen nan: ɗaya ba ya iya faɗa, ɗayan kuma tambayarsa daidai take da gaya masa. Ta ce wa mai teburin wata mata take nema, mai piyano, mai dishewar murya. Ya ce mata, inna, irinsu sun kai ɗari.

Sai ta koma jan ƙafa. Yau ta ce allura ta yi datti, gobe ta ce kanta na ciwo, jibi ta ce Penka ta yi ƙorafi, alhali Penka cewa ta yi ƙarfe huɗun nan ne kaɗai abin da take jira a yini. Amma Minko kan kafe ta da ido har sai ta tashi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yanzu ita ma tana so. Tun ƙarfe uku take fara duban agogo. Ta fara gane mai ganga daga mai ganga, ta san inda mai goge zai ja numfashi. Na hamsin da tara, wani mutum da jita shi kaɗai a wani ɗaki da ake jin ƙarar kujerarsa, ta cika masa shafi har ta shiga gefen takarda. Kowane faifai da ya yi mata daɗi sai ya ƙara nuna mata girman abin da ta miƙa wa mai keken doki. Ta hana Minko, ta kuma hana kanta, tun kafin ta san tana da kunne.

Ta lura shi ma ya rage sauri. In faifai ya ƙare yakan ce «Kuma», su maimaita shi washegari, wani har sau uku. Ta ɗauka jin daɗi ne, ta gode wa Allah da kowace rana da ta samu. Amma lamba ba ta komawa baya. Sittin ta wuce, saba'in ta wuce, ƙanƙarar da ke kan layin dogo ta yi baƙi ta narke. Sau biyu tana buɗe baki. Na farko tana yi masa aski, da reza a hannunta, ta ga yadda ya miƙa mata wuya ba fargaba, ta fasa. Na biyu ranar da Desi ta kira, har ta ce «Akwai abin da», sai yarinyar ta fara ba ta labarin tsohuwar da take jinya, maganar ta bi ruwa. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Ginka ta riƙe wannan maganar, ko da yake ta san ba don shi kaɗai take riƙe da ita ba.

Na tamanin da bakwai ya faɗo ranar Asabar. Washegari ita ce Lahadin yafiya, ta ƙarshe kafin babban azumi, ranar da ƙarami ke zuwa wurin babba ya sumbaci hannunsa ya nemi gafara, ma'aurata su je wurin kum ɗinsu. Tun da su ba sa iya sauka, kum ne ya hawo, da farar alewa a takarda. Ginka ta gasa banitsa, gurasa mai ninki-ninki da cuku a ciki, ta dafa ƙwai. Ta tare shi a ƙofa, ta kama hannunsa ta sumbata.

«Ka yafe, kum.»

«An yafe, Ginche, ke ma ki yafe. Sai dai hawa biyar ɗin nan, shi kam sai na yi shawara.»

Kowace shekara haka take faɗa wa Minko ma, tana tsaye da faranti a hannu, shi ma ya amsa yana karanta jarida. Yau ta shiga falo ta fita sau biyar ba ta faɗa ba. Kalmar da ake ba mai sharar matakala da mai kantin magani ta yi mata nauyi a baki.

Suka ci abinci a gefen gadon. Stamen ya ɓare wa Minko ƙwai, yana ba shi labarin waɗanda suka mutu a wannan hunturun, yana lissafa wanda ya kamata ya riga wani. Huɗu ta buga. Ya goge hannu a wando, ya tashi.

«To, malama, kama can in kama nan mu ja akwatin nan. Tamanin da takwas. Mawaƙan siminti. Minko, ka tuna daren da muka fara jin sa, har maƙwabci ya zo ya ce mu rage, ya ƙare a zaune a ƙasa?»

Ginka ta miƙe. Ƙafafunta sun ɗauke ta har gaban akwatin. Sai ƙarfen gado ya yi ƙara.

«Ɗaya,» in ji Minko.

Stamen ya ce wane ɗaya, tamanin da takwas dai. Minko ya jawo littafin da hannun hagu, ya yi ta fama da shafuka har ya koma farko, ya ɗora yatsa.

«Ɗaya.»

«Kai, matar nan da ba ta gama mutuwa? Don ita na hawo hawa biyar?» Stamen ya dubi Ginka. «Ciwon ya taɓa masa lissafi ne?»

Minko bai dube shi ba. Bai dubi Ginka ba ma. Silin yake kallo, yatsansa na kan lambar. Ginka ta miƙa hannu kantar sama ta zaro na ɗaya, ta goge, ta saukar da allura. Gogen Italiyawa suka fara. Stamen ya koma kujera yana gunaguni, ya ƙara wa kansa rakiya.

Matashin Minko ya zame garin jan littafi. Ta sunkuya ta gyara masa, kanta ya zo daidai da nasa, abin da ba ta cika yi ta wannan gefen ba. Daga nan idonta ya faɗa kan madubin ƙofar kabad da ke fuskantar gadon. A cikin madubin ana ganin bayan akwatin barguna, ɗan tsakanin da ke tsakaninsa da kantar ƙasa. Ga kwalaben miyar tattasai nan a jere, ja wur, da rubutun hannunta a kan murfi. Wata biyar ke nan yana kwance a wannan wurin, da wannan madubin a gabansa.

Ta tuna duk «Kuma» ɗin da ya yi ta faɗa. Ta ga yadda abin zai kasance: su kai tamanin da bakwai a farkon bazara, ya ce ɗaya, su sake kaiwa da kaka, ya ce ɗaya. Ba zai taɓa tambaya ba. Ita kuma ta ci gaba da zama matar da za a rataya hotonta a coci, tana goge ƙura a kan akwatin barguna. Ya buɗe mata hanya, kuma hanyar zagaye take yi ta dawo cikin ɗakin nan.

Ta je ta ɗaga allura. Matar ta tsaya a tsakiyar kalma. Ginka ta kama hannun akwatin ita kaɗai, ta ja shi, ya yi ƙara a kan katako, daga ƙasa Penka ta buga bututu sau biyu. Stamen ya leƙa, ya ga kwalabe, ya ajiye ƙoƙonsa a hankali.

Ta dawo gefen gadon ta hagu, inda hannunsa ke ji. Ta durƙusa da ƙyar, ta kama hannun kamar yadda ta kama na kum a ƙofa. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, amma ba wanda bai ji ba a ɗakin.

«Minko, ni na ba da su. Talatin, lokacin kana asibiti, na ba mai keken doki. Ban san abin da ke ciki ba. Amma na san naka ne, kuma da ya tafi da su sai da na ji daɗi. Ka yafe mini.»